Nosferatu ko Dracula: Wanne Ya Fi Tada Tsigar Jiki?

Dukansu finafinai ne marasa kala a kan dodo mai shan jinin mutane, kuma daga littafin Bram Stoker aka ciro su, amma tsoronsu ba iri ɗaya ba ne.

Dracula na Amurka, 1931, ɗan gayu ne. Bela Lugosi, jarumin da ya fito a matsayin Dracula, yana jan magana a hankali, ko fiƙarsa ba a nuna ba. Yau in ka kalla, kamar wasan dandamali.

Nosferatu na Jamus, 1922, ba a jin muryar kowa. Dodonsa kuwa kai sanƙo, haƙoran ɓera, farata zaƙo-zaƙo, ga jirginsa ya shigo gari da annoba. Inuwarsa kaɗai tana hawa bene ta isa ta hana ka barci. Kotu har ta ce a lalata fim ɗin saboda satar fasaha, Allah ya sa wasu kwafi suka tsira. Ni kam shi nake maimaitawa.