Littafin Salinger ko waninsa: wanne za ka saya wa matashin gidanku?

Duk wanda ya je neman labarin da ke magana a kan ruɗanin shekarun samartaka, sunan da za a fara ambata masa shi ne The Catcher in the Rye na marubucin Amurka J. D. Salinger. Tun shekarar 1951 da kamfanin Little, Brown ya buga shi, har yau bai bar kantunan littattafai ba. Sai dai shahara daban, dacewa daban. Idan ɗanka ko ƙanwarka za ka saya wa, gara ka san abin da ke ciki kafin ka fitar da kuɗinka, ka kuma san akwai wasu littattafai biyu da ƙila su fi yi musu amfani.

Labarin na wani yaro ne ɗan shekara 16, Holden Caulfield, wanda aka kora daga makarantar kwana a jihar Pennsylvania bayan ya faɗi darussa huɗu cikin biyar. Ya ƙi komawa gida, ya shiga birnin New York yana gararamba na 'yan kwanaki dab da Kirsimeti. Da bakinsa yake ba da labarin, kuma kusan duk babban da ya gamu da shi kallon munafuki yake yi masa. Wannan ne ya sa mutane da yawa ke ajiye littafin tun a babi na uku su ce yaro ne mara kunya mai yawan ƙorafi.

Ni kuwa ina ganin sun yi gaggawa. Holden yaro ne da ke cikin makoki, kuma babu wanda ya zauna da shi ya ji damuwarsa. Ƙanensa Allie ya rasu da cutar kansar jini yana ɗan shekara 11. A daren rasuwar Holden ya kwana a garejin gidansu, ya farfasa gilasan tagogi da hannu, har daga baya ba ya iya dunƙule hannun sosai. Yana yawo da safar hannun da Allie ke wasan ƙwallo da ita, wadda Allie ɗin ya cika da baitocin waƙa da koren tawada don ya sami abin karantawa a fili. Da ya lallaɓa gida cikin dare, ƙanwarsa Phoebe 'yar shekara 10 ta miƙa masa kuɗin da ta tara na Kirsimeti, sai ya fashe da kuka ya kasa tsayawa. Uban da ya karanta waɗannan wurare zai sake duban ɗansa da ya daina magana a gida, ya tambayi kansa ko taurin kai ne ko wani ciwo ne yaron ke ɓoyewa.

Amma kada a ɓoye maka: akwai ashar da yawa a ciki, akwai shan taba da giya, akwai kuma wurin da aka turo masa karuwa ɗakin otal, ko da yake ya biya ta ba tare da ya taɓa ta ba. A Amurka ma an sha cire shi daga makarantu saboda haka. Ga kuma Turancin, na samarin New York ne na shekaru saba'in da suka wuce, cike da salon magana da ƙamus ba zai warware maka duka ba. Shawarata, kada a ba wanda bai kai shekara 16 ba, kuma babba ya fara karantawa.

Idan yaron na ƙaramar sakandare ne, The Outsiders na S. E. Hinton ya fi dacewa. Ya fito a 1967, marubuciyar kuma tana makarantar sakandare ta rubuta shi, shi ya sa Turancinsa ke da sauƙi. Ponyboy maraya ne ɗan shekara 14 a garin Tulsa, yana hannun yayyensa biyu, kuma babban ya haƙura da jami'a yana aikin rufin gidaje don ya riƙe su. Rikicin tsakanin 'ya'yan talakawa ne da 'ya'yan masu kuɗi, har aka yi kisa. Yaron da ya taso a unguwar da ake faɗan daba ba ya bukatar a yi masa bayanin komai. Babi 12 ne, labari na tafiya da sauri, ashar kaɗan ce. Rauninsa shi ne bai kai na Salinger zurfi ba, babba zai karanta sau ɗaya ya wuce.

Na ukun shi ne wanda na fi so a kai wa 'yan mata, da duk wanda boko ta fara raba shi da gida: Nervous Conditions na Tsitsi Dangarembga 'yar Zimbabwe, wanda ya fito a 1988. Tambu yarinyar ƙauye ce a zamanin mulkin Turawa, ba ta sami gurbin makarantar mishan ba sai da yayanta ya rasu. A gidan baffanta ta haɗu da 'yarsa Nyasha, wadda ta dawo daga Ingila harshen Shona ya kuɓuce mata, ba ta zama Baturiya ba, ba ta kuma koma 'yar gida ba. Takurar ta kai Nyasha ga ƙin cin abinci, har wani dare ta riƙa yayyaga littafin tarihinta da haƙora. Damuwar Holden ta ɗan masu hali ce da ke da kuɗin otal da tasi a aljihu. Ta Tambu kuwa kuɗin makaranta ce, da fifita ɗa namiji, da nauyin godiya ga dangin da suka ɗauki ɗawainiyarka. Turancinsa ya fi na sauran biyun nauyi, sai mai haƙuri.

Idan ka tsaya a kan na Salinger, kada ka wahalar da kanka da mai kaurin bango. Marubucin bai yarda a saka gabatarwa ko sharhi a littafinsa ba, don haka ƙaramin bugun Little, Brown ko na Penguin labari ɗaya ne da mai tsadar. Bambancin kawai girman rubutu da ingancin takarda, kuma ƙaramin bugun rubutunsa ƙanana ne, mai matsalar ido ya lura. Mai karatu a waya, an fitar da halastaccen bugun lantarki a 2019. Masu karatu da Faransanci a Nijar ko Kamaru su nemi L'Attrape-cœurs, akwai kuma fassarar Larabci. Fim kam babu, domin Salinger ya ƙi sayar da izinin har ya rasu a 2010.

Wurin saye a intanet a kula da ƙananan littattafan taƙaitawa irin su CliffsNotes da York Notes, suna ɗauke da sunan littafin a bango amma sharhi ne na masu jarrabawa. Idan kuma a teburin 'yan gwanjo ko bakin titi ka same shi, buɗe ka duba, don bugun sata ya yi yawa: tawada a dushe, shafuka a karkace, wani lokaci a tsallake wasu. Ka tabbata babi 26 ne cif, na ƙarshen gajere ne ƙwarai, shi ne kuma ya fi saurin ɓallewa daga tsohon kwafi.