GARGAƊI: Mai "haɗin kuraje" ta Instagram ta ci min naira 38,000, ta ƙona min fuska

Jama'a, duk wadda ta ga tallar wani haɗin maganin kurajen fuska a Instagram ko a WhatsApp, cikin farar roba wadda babu ko rubutu a jikinta, ana cewa wai clindamycin ne a ciki, don Allah ta riƙe kuɗinta. Naira 38,000 matar nan ta karɓa a hannuna. Yanzu sai da takunkumi nake fita aiki, ana tambayata ko mura nake yi.

Kada wani ya ce ban yi tambaya ba. Na yi. Kafin in tura ko sisi sai da na ce mata, "Anti, mene ne a cikin haɗin nan? Ni ba na son bilicin." Ta turo min saƙon murya, har yanzu yana wayata: "Haba ƙanwata, ni ma'aikaciyar lafiya ce, ina ni ina bilicin? Clindamycin ne zalla, irin wanda likitocin fata suke rubutawa." Wannan kalmar ce ta kama ni. Na san clindamycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne na gaskiya, likita ya taɓa rubuta wa ƙanwata shi kuma ya yi mata aiki. Ga hoton matar da farar riga irin ta asibiti, ga hotunan fuskokin mutane kafin da bayan shafawa. Wa zai ji sunan maganin da ya sani daga bakin mai farar riga ya ce ƙarya ne? Ina ta sake kunna saƙon nan, "haba ƙanwata", muryar a kwance, har da sa min albarka.

Da na koma mata fuskata tana zafi, cewa ta yi datti ne yake fita, in ƙara roba ta biyu. Wannan kuma bayan sabulun da ta sayar min ne. Robar farko 15,000, sabulu 8,000, roba ta biyu 15,000. Ku haɗa, 38,000 ke nan, ban da kuɗin ɗan sahun da yake kawowa.

Na tsallake farkon. Da na fara shafawa, cikin 'yan kwanaki kurajen suka kwanta, fuska ta yi sumul, ta fara haske. Har godiya na tura mata, kuma na tabbata wannan saƙon nawa tana can tana nuna wa wasu. Wannan ya fi ci min rai fiye da kuɗin. Daga baya sai wasu ƙananan kuraje iri ɗaya suka feso min a gefen baki da haɓa da goshi, idan na shiga rana kamar an watsa min barkono, jijiyoyi jajaye sirara suka fito a kumatuna. Da na daina shafawa sai abin ya ninka, fuska ta kumbura tana saɓa.

Likitar fata da na gani, kallo ɗaya ta yi min ta tambaye ni wane mai nake shafawa. Na miƙa mata robar. Ta ce duk alamun nan na sitiroyid mai ƙarfi ne, irin su clobetasol ko betamethasone, waɗanda ake matsewa daga kwalayen kirim na kasuwa a cakuɗa da man shafawa. Shi sitiroyid yana danne kumburi da ja nan take, shi ya sa ake ganin kamar an warke, amma yana sirantar da fata, kuma shi kansa yana haddasa kuraje. Ta ce clindamycin na gaskiya ba ya aiki a kwana uku, sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga bambanci sosai, kuma ba ya sa mutum fari. Ko na gaskiyar ma ba a son a riƙa shafa shi shi kaɗai, ana haɗa shi da wani maganin kuraje mai suna benzoyl peroxide, domin ƙwayoyin cutar da ke cikin kurajen suna saba masa ya daina aiki. Kuma ba a zarcewa da shi wata da watanni, galibi wajen wata 3 ne likita ya sake dubawa. Ita kuwa wannan baiwar Allah cewa ta yi in riƙa shafawa safe da dare, kada in taɓa dainawa.

Wata 'yar'uwata har da ce min, "Ke da iliminki?" Ilimin ne ya sa na tambayi abin da ke ciki. Ƙarya aka shirya min da sunan magani na gaskiya. Tun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, to masu haɗin sun gane mutane sun fara gudunsa, sai suka koma kiransa maganin kuraje.

Na tura wa mai haɗin hoton fuskata da abin da likita ta faɗa. Ta karanta, na ga alamar ta karanta. Sai ta toshe ni a WhatsApp, ta toshe ni a Instagram. Sai a lokacin na koma kan rasit na ga sunan asusun da na tura wa kuɗin na namiji ne, alhali cewa ta yi nata ne. 38,000. Yanzu kuma ga kuɗin ganin likita, ga na magani, kuma an gaya min sai na yi haƙuri na watanni kafin fatar ta dawo. Allah ya isa, ban yafe ba.

Ina da hotunan hirarmu gaba ɗaya, da rasit uku, da saƙon muryar, da hoton robar. Zan ɗora su da daddare idan na gama rufe lambar asusuna. Shafin nata ya canza suna, amma hotunan tallar su ne dai.

Kada ku sayi maganin fuska a robar da babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC. Wadda take shafa irin wannan haɗin yanzu ta ɗauki robar ta kai wa likitan fata, shi zai gaya mata yadda za ta daina. Wadda kuma matar nan ta taɓa karɓar kuɗinta ta yi min magana ta akwatin sirri, ina tattara rasit ne don mu kai ƙara tare.