Tashar yanayi ta dijital ko kayan awo na hannu don bitar malamai?

Malama, tunda kuɗin ba zai sayi duka biyun ba, ki ɗauki na hannu: ma'aunin ruwan sama, tamomita mai nuna mafi zafi da mafi sanyi na yini, sai tagwayen tamomita na auna danshi. Da su nake koyar da malaman kimiyya, kuma ba su taɓa ba ni kunya ba.

A wata bita da muka yi cikin hunturu, na miƙa wa wata malamar firamare tagwayen nan, ɗaya a bushe, ɗaya an naɗe masa jiƙaƙƙen ƙyalle a gindi. Ta ɗauki kwali tana yi masa fifita, jan layin yana ta sauka a kan idonta har ratar da ke tsakaninsa da busasshen ta haura digiri 10. Can sai ta ɗago ta ce ashe abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan. Daga nan ita ta karɓi allon, ta yi wa sauran bayanin yadda busasshiyar iska ke shanye ruwa ta tafi da zafi. Ni dai na samu kujera na zauna.

Haka ma'aunin ruwan. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowane murabba'in mita. Malamin da ya juye ruwan da hannunsa kowace safiya a lokaci ɗaya, ya rubuta a littafi, zai iya sa ɗalibai su lissafa yawan ruwan da rufin ajinsu ya zubar a watan Agusta, su kuma gwada abin da suka tara da hasashen damina da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke fitarwa a farkon shekara. Akwatin ajiye tamomita kuwa kowane kafinta zai haɗa miki: farin fenti, gefuna masu ratsin da iska za ta ratsa, a ɗaga shi kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da bango da bishiya.

Ta dijital ɗin muna da ita. Tana ba da gudun iska, wannan kam ban hana ta ba. Amma lamba kawai take nuna wa yaro, ƙura tana toshe mata mazurari, ranar da batir ya mutu kuma darasi ya mutu.

Sai ki yi hattara da masu shagon kayan kimiyya. Wasu za su haɗa miki mazurari da silindar ɗakin gwaji mai rubutun mililita su ce ma'aunin ruwa ne. Gilashin ma'aunin ruwa na gaske milimita yake nunawa, kuma an yi shi daidai da bakin mazurarinsa. Idan faɗin bakin milimita 127 ne, ki je da sirinji ki zuba ruwa mililita 127, dole ya tsaya a kan 10. Tamomita kuma ki sa a jera miki guda huɗu ko biyar a kan tebur, ki bar su su ɗan jima. Wanda ya saɓa wa 'yan'uwansa, ko layinsa ya yanke a tsakiya, ki mayar wa mai shagon. Mai nuna mafi zafi da mafi sanyi yana zuwa da ɗan maganaɗisun da ake mayar da alamominsa, suna yawan cire shi su sayar daban. Kada ki biya sai kin gan shi a cikin kwalin.