Kumburin gindin kwanso da kumburin tsakiya, ba ciwo ɗaya ba ne

Ɗan'uwanmu da ke nan Amurka ya tambaya, wai ya fara cika harsasan 9mm da hannunsa sai ya ga kwanson ya yi ƙugu kamar kwalbar lemo, ya zubar ne ko ya harba? To malam kafin komai duba a ina kumburin yake, kuma yaushe ya fito.

In bayan ka dasa kan harsashin ne ya fito, a tsakiya, daidai inda gindin kan ya tsaya, kuma ya zagaye ko'ina daidai wa daida, wannan muni ne kawai a ido. Ƙarfen matsi, wato wanda ake tura kwanso a ciki don ya koma girmansa, ya tsuke kwanson, kan ya shiga ya buɗa shi, shi ya sa ma ya riƙe gam. Da kan dalma abin ya fi fitowa don yawanci kaurinsa inci .356 ne, mai rigar tagulla kuwa .355. Amma in gefe ɗaya ya turo to kan ya shiga a karkace, ko ba ka buɗa bakin kwanson yadda ya isa ba, ko abin da ke danna kan bai dace da siffar hancinsa ba. In kuma ka ga ya yamutse kusa da baki ka cika matse bakin ne, sassauta.

Ɗaya kumburin shi ne nake jin tsoro, ga shi ƙarami, sai ka shafa da yatsa ma kake jin sa. Can ƙasa yake dab da gindi, gefe ɗaya, kuma tun wajen harbi ya samu ba a teburinka ba. Wasu bindigogin mazaunin harsashinsu bai rufe gindin kwanson duka ba ta wajen gangaren da harsashi ke hawa, to in albarushi ya tashi tagullar sai ta turo ta nan. Tsofaffin bindigogin Glock masu cin .40 S&W sun yi suna da wannan, kuma ka tuna .40 da 9mm duk matsin da albarushinsu ke yi kan kai psi (ma'aunin matsi) 35,000, ba kamar .45 ACP mai 21,000 ba. Ƙarfen matsi na yau da kullum ba ya sauka har can, shi ya sa kamfanin Lee suka yi na'urar Bulge Buster, kamfanin Redding kuma G-Rx, sai dai siffar kawai suke gyarawa, tagullar da ta riga ta miƙe ta sirance ba ta dawowa. Ni dai in na tsinci irinsa a filin harbi kwandon shara yake tafiya, nawa kwanson yake gaba ɗaya?

Gwajin ba wuya. Cire bututun daga jikin bindigar, saki harsashin a ciki, ya faɗa da kansa ka ji ƙwas, ka kifa ya fito. In ya maƙale shafe shi da baƙar maka, saka ka ɗan murza, inda tawadar ta goge nan ne yake cijewa. Yadda ka kwatanta naka na farkon ne nake zato, amma turo hoton gindin mu gani tukuna.