Kamfanin jagora a Kilimanjaro: shirin da suka yi mini kafin hawa

Dokar gandun Kilimanjaro ba ta yarda mutum ya hau dutsen shi kaɗai ba. Dole sai da jagora mai lasisi, ta hannun kamfani mai rajista, saboda haka abin da ya rage wa mai niyya shi ne zaɓen kamfanin. Wanda na bi matsakaici ne, ofishinsa na garin Moshi a gindin dutsen, ba shi ne mafi araha ba, ba kuma na masu hannu da shuni ba ne. Ba zan kira sunansa ba, domin akwai wuraren da zan yi ƙorafi. A ganina aikin da suka yi mini tun ina gida ya fi wanda suka yi a kan dutsen amfani, duk da cewa na kan dutsen ma ba laifi.

Da na fara tuntuɓarsu, hanyar Marangu ta kwana 5 na tambaya, don ita ce mai rahusa, kuma a ɗakunan katako ake kwana, ba a tanti ba. Matar da ke amsa saƙonni ta ce za su sayar mini idan na nace, amma ba ita za ta zaɓar wa ɗan'uwanta ba. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Ƙololuwar Uhuru tana kan mita 5,895, kuma a can duk numfashin da ka ja kusan rabin iskar oksijin da za ka samu a bakin teku yake ba ka. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. Shawarar likitocin harkar tsaunuka ita ce, idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Kusan duk hanyoyin Kilimanjaro suna karya wannan ƙa'ida, sai dai Lemosho ta kwana 8 ta fi sassauci, kuma tana da ranar da ake hawa Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abincin rana a can, sannan a gangaro a kwana a Barranco ƙasa da mita 4,000. Jiki ya ɗanɗana sama, ya huta a ƙasa.

Na san doguwar hanya ta fi kawo musu kuɗi, ban manta da haka ba. Amma ta turo mini lissafin a buɗe, na ga kaso mai tsoka na hukumar gandun ne: dala 70 kowace rana kuɗin shiga, dala 50 kowane dare na kafa tanti, dala 20 na ceto, ga harajin kashi 18 cikin ɗari a kai. Wannan takarda ta taimake ni wajen auna sauran kamfanoni. Duk wanda farashinsa bai wuce wannan lissafin da wani abin kirki ba, to a bakin wani ya rage, kuma galibi a bakin 'yan dako ne.

Inda suka fi burge ni shi ne takardar lafiya. Na zaci irin wadda ake cikewa don a wanke hannu ce, sai ga shi an karanta an kuma dawo mini da tambayoyi. Sun tambayi zuciya, hawan jini, asma, magungunan da nake sha, sannan sikila. Ba mai cutar kawai suke nufi ba, har da mai jinin AS wanda bai taɓa kwanciya a kanta ba. Ƙarancin oksijin a wuri mai tsayi yana iya lanƙwasa ƙwayoyin jininsa su toshe jijiyoyin saifa, ya kamu da matsanancin ciwo a gefen hagu na ciki. Ba kowane mai AS abin yake samu ba, amma wanda bai san rukunin jininsa ba ya yi gwaji, ya kai wa likita sakamakon, tun bai biya ko sisi ba. A cikin kamfanonin da na yi wa magana, su kaɗai suka tayar da zancen.

Haka suka yi da Diamox, ƙwayar da ake sha don taimaka wa jiki sabawa da tsayi. Ba su ce in sha ba, ba su ce kar in sha ba. Sun ce in je wurin likita, idan ya rubuta mini, in gwada ta a gida in ga yadda za ta karɓe ni. Tana sa yawan fitsari, tana sa ka ji kamar ana tsikarin yatsunka da allura, lemon kwalba ma sai ka ji ya canza ɗanɗano. Gara mutum ya san waɗannan a ɗakinsa da ya fara jin su cikin tanti da tsakar dare ya ɗauka wani abu ne ya same shi. Sun tuna mini da katin rigakafin shawara, wanda Tanzaniya ke nema daga masu zuwa daga ƙasashen da cutar take, da maganin zazzaɓin cizon sauro saboda kwanakin Moshi. Inshora kuwa sai da na tura musu kwafi suka duba cewa ta kai mita 6,000 kuma ta haɗa da ɗauka a jirgi mai saukar ungulu, domin inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta kai wannan tsayin.

Tsarin motsa jikin da suka turo kam bai yi mini ba. Shafi ɗaya ne, kana gani ka san kowa shi ake tura wa, matashi da tsoho: yi gudu, yi tafiya, hau matakalar bene. Gaskiya ɗaya da ke ciki ita ce ƙarfin jiki ba ya hana ciwon tsauni, ɗan wasan tsere ma yana iya kamuwa. Amma ko kalma ba su ce a kan gangara ba. Ranar da aka taka Uhuru, a ranar ake saukowa har sansanin Mweka, wajen mita 3,100, wato gangarar kusan mita 2,800 a kan tsakuwa mai zamewa, da ƙafafun da ba su yi barci ba. Gwiwoyi ke biyan wannan. Wanda zai yi atisaye ya nemi tudu ya riƙa saukowa da jaka a bayansa, ya kuma saba da doguwar tafiya kwana biyu ko uku a jere, domin tashi a sake tafiya da gajiyar jiya shi ne ainihin aikin.

Jerin kayan ya fi kyau. Sun bayyana dalilin sa riguna hawa-hawa maimakon ƙatuwar riga guda, da dalilin guje wa auduga, wadda ke shan gumi ta riƙe shi har sanyi ya kama mutum. Sun ce in sayi takalmi da wuri in tattake shi sosai kada ya yi mini bororo. Babbar jaka kada ta wuce kilo 15, saboda ɗan dako kilo 20 aka iyakance masa, kuma ana aunawa a ƙofar gandun. Kada in zo da leda, Tanzaniya ta hana ta tun 2019, kuma ba a shiga gandun da robar ruwa ta sha-ka-yar. Daren jajibirin tafiya babban jagora ya zo otal ya sa muka zazzage komai a kan gado, yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Wata abokiyar tafiya ya ce safar hannunta ba za ta kai ta Stella Point ba, wato wurin da ake isa gab da ƙololuwar Uhuru, ya tura aka nemo mata wata a daren.

Abin takaici, wannan bin diddigin bai shafi kayan hayarsu ba. Jakar barcin da suka ba ni zif ɗinta na cijewa, tana kuma warin danshi, ɗaya daga cikin sandunan tafiya kuma tana zurmewa da an ɗora mata nauyi. Sai da na yi magana har ta kai ga mai ofis aka canza. Duk abin da za ka yi haya, ka buɗe shi, ka ja zif ɗin, ka shiga ciki tun kana Moshi. Bayan ƙofar gandun babu inda za a sake maka.

A kan dutsen sun cika abin da suka faɗa. Safe da yamma ana maƙala mana ɗan na'urar auna oksijin a yatsa, a rubuta, a tambaye ka ciwon kai, cin abinci, barci, yawan ruwan da ka sha. Akwai tulun oksijin, amma tun farko sun ce na saukar da mara lafiya ne, ba na tura mutum sama ba. A Barafu, sansanin ƙarshe da ake tashi daga shi da tsakar dare, wani daga cikinmu ya fara tari mai jiƙa yana tangaɗi. Ya yi ta roƙo, yana lissafa kuɗin da ya kashe. Jagoran ya saurare shi har ya gama, sannan ya haɗa shi da mataimakinsa suka kama hanyar ƙasa. Ruwa a huhu ko kumburin ƙwaƙwalwa na iya kisa, kuma babban maganinsu sauka ne. Jagoran da ba ya jin kunyar ce wa mai biyansa a'a, shi nake nema. Tantin ban ɗaki na ƙarin kuɗi ne, kuma ku biya, ba sai na yi dogon bayani ba.

Babban ƙorafina tukwici ne. Kowane mai hawa yana da ma'aikata uku ko huɗu a bayansa: jagorori, mai dafa abinci, 'yan dako. Tukwicinsu ba kyauta ce ta ganin dama ba, wani ɓangare ne na abin da suke rayuwa da shi, kuma idan aka haɗa kuɗi ne mai kauri. Kamfanin da ya iya rattaba mini harajin gwamnati har kashi-kashi bai faɗi adadin da ake sa rai ba sai a daren tashi, muka shiga neman canji a gari, ga shi ba a karɓar tsofaffin takardun dala. Ka nemi adadin a rubuce kafin ka biya kafin alƙalami, ka tambayi yadda ake rabawa, ka kuma tambaya ko suna cikin abokan hulɗar KPAP, ƙungiyar da ke sa ido a kan albashin 'yan dako da nauyin da ake ɗora musu.

Lokacin tafiya ma sun ba ni shawara mai kyau: Janairu da Fabrairu, ko daga Yuni zuwa Oktoba, a kauce wa ruwan Afrilu da Mayu. Suka ce in sauka a filin jirgin Kilimanjaro da ratar aƙalla kwana ɗaya, in sa takalmin hawan a ƙafata cikin jirgi, magunguna da rigar sanyi kuma a jakar hannu. Idan akwati ya maƙale a hanya, kusan komai ana samun hayarsa a Moshi, ban da takalmin da ya riga ya saba da ƙafarka.