Aplikasiyon ɗin nan ta gyaran kunne a Faransanci, ga abin da na gani

Ni lakkwal aji uku na tsaya a Tawa, sauran Faransancina a titin Yamai na tsince shi. Kunya ce ta sa na biya abonema ɗin nan. Patron ya ce in aje kwalin turare dessous, wato ƙasa, na ɗora shi can bisa, ya faɗo, kwalba shida suka fashe. Wallahi a kunnena dessous da dessus kalma guda ce.

Sati biyu na farko haushi kawai na sha. Ba ta koya maka magana ko ɗaya, sai dai ka sa ekuter, murya ta ce rue ko roue, pain ko faim, ka danna, ta ce ka yi kuskure, kuma muryar canzawa take kullum, yanzu mace, an jima tsoho, an jima yaro mai sauri kamar ana korarsa. Na ce wannan ai cin kuɗi ne. Ƙanwata da ke jami'ar Abdou Moumouni ce ta ce yaya yi haƙuri, da gangan suka yi haka. Wai jariri ɗan wata shida yana bambance sautin kowane harshe, kafin ya cika shekara ƙwaƙwalwa ta tattara kan na gida, wata mai bincike Janet Werker ta gwada haka a Kanada tun 1984. Mu p da f ramin guda suke faɗawa, kamar yadda Japanawa ke fama da r da l, kuma su ma da muryoyi da yawa aka horar da kunnensu a Amurka a 1991.

To ran nan ina zaune wajen mai shayi, rediyo na labarai, sai na ji u ɗin nan tsaf, siririya, daban da ou. Har na aje kofin! Mai shayi ya ce lafiya malam?

Amma kada ku ce na yaba duka fa. Ba ta aiki sai da intanet, forfe na sati kwana uku ta cinye shi, kuma wata ya ƙare suka cire kuɗi ba su tambaye ni ba, na rubuta musu har yau shiru. Sannan kunne ya buɗe amma baki bai bi ba, jiya ma da na ce rue yaron shago sai da ya yi dariya. Tauraro uku na ba su, da na tuna kuɗina na mai da shi biyu.