Revit ko Archicad: Wanne Ya Fi Dacewa da Aikin Legas?

Ƙanena da ke koyon zanen gine-gine a Ikeja ya tare ni a Agege bayan sallar Juma'a. "Yaya, Revit zan koya ko Archicad?"

Dukansu manhajoji ne da ake tayar da gini a cikin kwamfuta tun kafin a haƙa tushe. Ka matsar da bango ɗaya, sauran zane-zanen da lissafin kayan aiki su gyaru da kansu.

Archicad na kamfanin Graphisoft ne na ƙasar Hangari, kuma don mai zanen gini aka ƙera shi. Hannu na saurin sabawa da shi, yana aiki a Mac da Windows. Revit kuwa, wanda Autodesk ya saya a 2002, Windows kaɗai ya sani, ga cin ƙarfin kwamfuta.

Sai dai a Legas ƙasa ce ke yanke hukunci. A Lekki yashi ne da ruwa, babban gini sai an kafa masa turaku masu zurfi, don haka injiniya ba ya nisa da mai zane. Nan Revit ya yi zarra: ginshiƙai, rodi, bututun ruwa da wayoyin lantarki duk suna haɗuwa wuri guda. Na taɓa ganin bututun ban-ɗaki ya ratsa tsakiyar bim, wato doguwar kankaren da ke kwance bisa ginshiƙai, a allo, aka gyara kafin a zuba kankare. Mai Archicad sai ya tura wa injiniya aikinsa ta IFC, wato tsarin fayil na musayar zane tsakanin manhajoji daban-daban, wani lokacin bayanai su zube a hanya.

Kuɗin lasisi kam, kowanne da zafinsa. Na ce masa ya fara da Revit, tunda injiniyoyin ofishinsu shi suke buɗewa kullum.